Aron Injin Zanen Layi

A gidan da muke haya a Agege ɗakuna a jere suke suna kallon juna, kowa da abin da yake ajiyewa a bakin ƙofarsa. Wani babur, wata turmi, wata buhunan gawayi. Mu inji ne a bakin tamu ƙofar. Duk wanda ya taɓa shiga harabar banki ko babban kanti ya ga fararen layuka da rawaya a ƙasa inda motoci ke tsayawa, to irin injin da ke zana su ne, kuma babana ne ke tura shi. Taya uku gare shi, da mariƙi kamar na keke, da wurin ɗora bokitin fenti, da ɗan injin fetur mai juya famfo. Famfon ya zuƙo fenti daga bokiti, ya tura shi ta cikin tiyo zuwa wata bindigar feshi da ke duƙe dab da ƙasa. In an gama aiki Baba ya lulluɓe shi da tamfol, ya ɗaure shi da sarƙa a jikin ƙarfen tagarmu.

Kafin injin a abatuwa, babbar mayankar garin, Baba yake. Kawunsa, yayan mahaifiyarsa, babban mahauci ne a can. Shi ya ɗauko Baba daga arewa yana saurayi, ya ba shi wurin kwana, ya sa shi a aikin ƙiraga: a ɗauko fatar sa da ɗuminta, a shimfiɗa, a barbaɗa gishiri, a naɗe, a saɓa a kafaɗa. Gishirin ya ci masa hannu har ya riƙa tsagewa, kuma Mama ta ce bai taɓa sabawa da warin ba, in ya dawo ba ya iya cin abinci sai ya yi wanka ya daɗe a waje. Daga baya ya bi wani dattijo Bayarabe mai aikin layi, ya koyi sana'ar a hannunsa, da tsufa ya kama dattijon ya sayar masa da tsohon injinsa. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma na taɓa jin ya ce wa Mama muddin injin nan na aiki, ƙafarsa ba za ta sake taka abatuwa ba sai dai gaisuwa. Ba shi da wata sana'ar a Legas bayan waɗannan biyun.

Na ga yadda yake aiki wata Lahadi da Mama ta aike ni kai masa abinci wani gidan mai a Ogba. Ya share wurin tas, ya auna, ya ja igiya mai alli ya ɗaga ta ya saki, ta bar siririn zane a kan siminti. Ya gwada feshin a kan kwali, ya ɗan murɗa wani abu, ya sake gwadawa. Sannan ya tsaya a farkon zanen, ya matse wani ƙarfe a mariƙin kamar birki, ya fara tafiya. Ba ya kallon bindigar, can gaba yake kallo. Takunsa iri ɗaya ne, don in ka yi nawa fenti ya taru, in ka yi sauri ƙasa ta leƙo. Wani direban danfo, bas ɗin haya ta Legas, ya gaishe shi yana tsakiyar layi, bai amsa ba sai da ya kai ƙarshe ya saki ƙarfen. Layin ya fito da kaifi kamar an yanka shi da reza. Na tsuguna ina kallonsa yana bushewa, har na ga wata tururuwa ta hau ta maƙale, kafin ta ciro ƙafa ɗaya sauran sun kafe.

Saurin bushewar nan shi ne alherin fentin, shi ne kuma sharrinsa. Yadda yake kafewa a ƙasa haka yake kafewa a cikin inji. Shi ya sa ranar na zauna da kwanon abinci yana hucewa, Baba bai ko kalle shi ba. Da ya ja layin ƙarshe ya ciro bututun zuƙa daga fenti ya tsoma shi a tina, ruwan nan mai wari mai hawa kai da ake tsinka fenti da shi. Ya bar famfon yana sha yana fitarwa, fari, sannan ruwan toka, har ya fito garau. A gida kuma akwai wanki na biyu. Ya shimfiɗa buhu a baranda, ya kwance rariyar famfon, ya cire kan bindigar, wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwallon dabino ba, mai huda da ta fi kafar allura ƙanƙanta. A gwangwanin madara yake jiƙa shi, ya goge da tsohon buroshin haƙori, ya ɗaga shi sama ya leƙa haske ta cikin hudar. Ba ya yarda ko tsinke ya shige ta. A ƙarshe ya ɗiga mai a wuyan famfon. Mama takan ce ko jaririn ranar suna ba a yi masa wannan wankan.

Bara, ana dab da Babbar Sallah, wani oga mai kwangila ya kira Baba. An gina babban kanti a Ogba, za a buɗe shi bayan Sallah, ana so a zana harabar gaba ɗaya, kuma in aikin ya yi kyau akwai wasu rassan. Baba bai taɓa samun irinsa shi kaɗai ba. A makon ne kuma zazzaɓi ya kwantar da shi.

Ranar Laraba da la'asar Kawu ya zo dubiya, da hanta a ƙunshe cikin takarda. Ƙato ne, idanunsa ja saboda hayaƙin babbaka, muryarsa tana riga shi shigowa gida. Da yake a matsayin kaka yake gare ni, kullum sai ya tsokane ni.

"Ina amaryar tawa? Har yanzu ba ta koyi gaida miji ba?"

Na gaishe shi kaina a ƙasa, na wuce bayan labule inda Mama ke tsintar shinkafa. Baba ya sauko daga gado ya zauna a tabarma.

"Koma ka kwanta, ɗan nan. Wa ya ce ka sauko?"

"Na ji sauƙi, Kawu."

"Sauƙin ke nan kana rawa kamar ɗan tsako a ruwa?" Suka ɗan taɓa hira, sannan Kawu ya gyara zama. "An zuba siminti a harabar masallacinmu na abatuwa. Jama'a sun yi yawa, ranar Juma'a sahu sai ka ce tafiyar maciji. Liman ya gaji da cewa a daidaita. Na ce musu muna da mai layi a gida, me zai kai mu wurin bare?"

"To, Kawu. A bari in ɗan ji ƙarfi, in zo da kaina."

"Kai da ko buta ba ka iya ɗagawa? Wannan Juma'ar ake so a yi a kai. Yara za su tura. Wanda ya tura baron kayan ciki cikin taɓo, wannan abin mai taya uku zai gagare shi?"

"Yana da ɗan sha'ani ne, Kawu."

Kawu ya yi dariya har da buga cinya. "Ni na nuna maka inda ake hawa danfo a garin nan, yau injinka ne mai sha'ani. Fenti ma wani bawan Allah ya kawo sadaka. Aikin Allah ne, ladan naka ne kana kwance."

Ta ƙasan labule ƙafar Baba kawai nake gani. Babban ɗan yatsansa yana ta kankare bakin tabarma. Hannun Mama ya tsaya cikin shinkafa. A wurinmu ba a hana aro, balle ga wanda ya riƙe ka ya yi maka aure, balle kuma don masallaci. Abu uku suka haɗu, kowanne shi kaɗai ya isa ya rufe masa baki.

Ya tashi yana dafa bango, ya kwance sarƙar. Yaran Kawu biyu suna waje da akori-kurar da suke dakon nama. Ya nuna wa babban yadda ake tayarwa da inda ake matsewa, ya miƙa masa galan ɗin tina. A hankali ya ce masa da an gama a ba famfon wannan ya sha har ya fito garau, kada a bar fenti ya kwana a ciki, kada kuma ruwa ya shiga. Yaron yana cewa to, to, idonsa na kan igiyar tayar da injin. Baba ya buɗe baki zai maimaita.

"Wanki za ka koya wa mahauci?" in ji Kawu. "Mu da muke wanke jinin garke guda kafin ka tashi daga barci. Za a dawo maka da shi ya fi yadda ya tafi."

Baba ya yi murmushi, bai maimaita ba.

Da motar ta tafi Mama ta fito. Ba su ɗaga murya ba, bangon gidan haya ba ya riƙe magana.

"Da ka ce ya lalace."

"In yi wa Kawu ƙarya, a kan masallaci?"

"To da ka bi su, ko a kujera ne ka zauna."

"In je in tsaya a kansu, kamar ban yarda da shi ba."

"Ai ba ka yarda ba."

Ya hau gado ya juya fuskarsa bango.

Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Nakan ga ya ɗauki waya ya nemo lambar Kawu, ya kalle ta, ya ajiye. Kiran wanda ya ari kayanka ka tambaye shi yaushe zai dawo da shi, wannan ma wani nau'in rashin kunya ne.

Ranar Asabar da azahar suka dawo da shi. Ban taɓa ganin injin da kyau haka ba. Ɗigon fentin da ya shekara da shekaru a jikin ƙarfen duk an kankare shi da wuƙa. Tayoyin baƙi wuluk. Ƙamshin sabulu yake yi. Ko kwano aka aiko maka da abinci ba ka mayar da shi da datti, kuma yaran sun yi iyakar abin da suka sani. Har da cinyar rago Kawu ya haɗo na godiya. Maƙwabta suka fito suna yabawa.

Cikin alfahari yaran suka ba da labarin, babu wanda ya tambaye su. Ranar Alhamis sun yi rabi hadari ya taso, ga magariba, sai suka tura shi cikin rumfa suka bar saura sai safiya. Tinar kuwa ta ƙare a wanke hannuwa da riguna da tayil ɗin bakin masallaci inda fenti ya zube. Da safe bindigar ta ƙi feshi. Suka zura basilla a hudar, suka ƙure wa injin wuta har famfon ya riƙa wani irin kuka, bai yi ba. Sai suka ƙarasa layukan da buroshi. Da aka sauko Juma'a suka tafasa ruwa a tukunyar da ake gyaran ƙafar sa, suka zuba garin sabulu, suka tsoma bututun.

"Ya ɗan sha, yallaɓai, sannan ya ƙi," in ji ƙaramin. "Amma waje kam ka gani da idonka."

Baba yana tsaye, hannunsa a kan tiyo. Na ga ya gwada lanƙwasa shi. Tiyon da yake naɗewa a hannu kamar igiyar guga, ranar ya tsaya kamar karan rake.

"Madalla," in ji shi. "Allah ya yi albarka. A gaida Kawu, a ce na gode."

Bai jira zazzaɓin ya sake shi ba. Yammacin nan ya shimfiɗa buhu ya kwance famfon. A sama, inda ruwan ya haɗu da fenti, abin ya tsinke ya dunƙule kamar awara. Can ciki ya zama dutse. Robobin da ke riƙe ƙarfin famfon suka riƙa fitowa gutsi-gutsi. Akwai wata sandar ƙarfe da ke hawa da sauka a tsakiya, da can nakan ga hoton taga a jikinta in ya goge ta. Yanzu duk zane ne a tsaye daga sama har ƙasa, ga ɗigon tsatsa ja. Ya ɗaga kan bindigar ya leƙa. Ba sai na matso ba, daga inda nake zaune da littafina ina hango sama ta cikin hudar.

Ya jiƙa komai a tina, a gwangwanaye da tsohuwar tukunya. Warin ya cika gidan har matar ɗakin gaba ta ce ɗanta yana tari. Baba ya ba ta haƙuri, ya kwashe kayan zuwa bayan gida kusa da lambatu, can ya riƙa wuni a tsugune. Ya kira dattijon da ya koya masa aikin. Wayar Baba tana da ƙarar murya, ina jin komai. Da Yarabanci suke magana. Dattijon ya ce sandar ba ta gyaruwa, kuma irin wannan tsohon injin an daina kawo kayansa, sai dai a yi odarsu daga waje a jira, abin da za a kashe kuwa gara neman wani injin. Sannan ya tambaya wane mara imani ne ya yi wa injinsa haka.

"Ni ne, Baba," in ji babana. "Na yi sakaci."

Dattijon ya daɗe yana faɗa. Baba yana cewa a yi haƙuri.

Duk da haka ya zaga Oyingbo da wasu kasuwannin, ya dawo da robobin da suka ɗan yi kama da nasa da wani tiyo na hannu. Ya goge sandar da takarda mai laushi har yatsunsa suka yi baƙi. Ana jibi Sallah ya haɗa komai, ya sa kwali a ƙasa, ya ja igiya. Injin ya tashi lafiya lau, shi babu abin da ya same shi. Famfon ya hau ya sauka. Tina ta fara tsiyaya ta wuyansa tana bin ƙarfe. Baba ya matse mariƙin. Bindigar ta yi tari, ta ɗigo ɗigo kaɗan a kan kwalin, ta tsaya. Ya kashe, ya ƙara ɗaurewa, ya sake tayarwa. Haka ya yi ta yi har fetur ya ƙare.

"Ka je ka gaya masa," in ji Mama. "Yana da hali. Ko bai saya maka wani ba zai kama maka."

"In ce masa me? In ce alherin da ya yi min ne ya kashe ni?"

"Ka ce yaransa sun ɓata maka inji. Gaskiya ce."

"Mutumin da na ci tuwon gidansa shekara da shekaru, in kai masa lissafi. Kuma a kan masallaci. An ce ladan nawa ne, in koma in ce a biya ni?"

"To ni zan gaya wa matarsa."

"Ban yarda ba."

Mama ta kalle shi, ta kalli injin, ta ɗauki bokiti ta tafi ɗibar ruwa ko da yake randarmu a cike take.

Washegarin Sallah muka je gaisuwa gidan Kawu. Bayan an ci nama ya kama hannun Baba ya ce sai ya zo ya ga aikinsa. Na bi su a baya. Layukan suna nan a harabar masallacin. Na farko-farko sun yi kauri a wani wuri, sun yi siriri a wani, inda mai turawa ya tsaya gaisawa fenti ya taru ya yi tudu. Na buroshin kuwa bakinsu duk gashi-gashi. Dattawa suka taso suna sa wa Baba albarka, suna cewa tun da aka yi layin sahu ya miƙe.

"Injin yana nan ƙalau?" in ji Kawu.

"Yana nan, Kawu."

"Ka ga wankin da aka yi masa ko? Na ce maka."

"Na gani."

Ogan Ogba ya jira iyakar yadda zai iya. Baba ya nemi hayar inji, masu shi ƙalilan ne kuma kowa na kan aiki, wanda ya samu ya ce ba ya ba da nasa aro ko haya. Ya roƙi ogan ya bar shi ya yi da igiya da buroshi, ogan ya ce ba layin filin ƙwallon makaranta yake so ba. Aka ba wani.

Damina ta yi nisa. Baba ya riƙa samun ɗan aikin shafa baƙi da fari a gefen titi, yau akwai, mako guda babu. Galan-galan na fentin da ya tanada don Ogba ya mayar wa mai kanti da ragi. Daga baya ya kwance injin fetur ɗin ya sayar wa Iya mai markaɗe ta bayan layinmu. Tun daga ranar Mama ba ta sake aike ni niƙan tattasai wurinta ba, sai can bakin titi, ba ta kuma ce min dalili ba.

Wata safiya ya sa tsohuwar riga da takalmin roba, ya ce wa Mama zai je wurin Kawu. Ba ta tambaye shi ko gaisuwa ce ba. Da yamma Kawu da kansa ya rako shi gida, yana ta murna.

"Dama na san wannan aikin ba mai ɗorewa ba ne," ya ce wa Mama daga bakin ƙofa. "Inji ba shi da amana, kina lallashinsa zai mutu ya bar ki. Gida ai gida ne. Wurinsa yana nan, ban ba kowa ba."

Mama ta ce Allah ya saka da alheri. Har yau Kawu bai sani ba.

Kwanaki muna cin tuwo wayar Baba ta yi ƙara. Wata mata ce daga wani asibiti a Ikeja, ta ce ta ga layin da ya taɓa yi a wani wuri, ta sha wahala kafin ta samu lambarsa, suna so a zana musu haraba. Baba ya saurare ta har ta gama. Ya ce mata ya daina. Ta ce ko nawa ne za su daidaita. Ya ce ba maganar kuɗi ba ce, ya karanto mata lambar mutumin da aka ba aikin Ogba, ya ce yana da hannu mai kyau, amma ta tabbata an share wurin kafin ya fara. Ya ajiye wayar, ya wanke hannu, ya ce wa Mama ta tashe shi da wuri, gobe akwai shanu da yawa.